Tallafin Auduga A Amurka: Aljihun Wa Kuɗin Yake Shiga?

Ran 4 ga watan Yuli na shekarar 2025 Shugaban Ƙasar Amurka, Donald Trump, ya sa hannu a kan wata babbar dokar haraji da kashe kuɗi wadda Majalisar Dokokin ƙasar ta zartar. A cikin ɗaruruwan shafuffukan wannan doka akwai wani ɗan sashe da ya shafi auduga. Sashen ya ɗaga farashin da Gwamnatin Amurka ta lamunce wa manoman ƙasarta daga senti 36.7 zuwa senti 42 a kan kowace laba ta auduga mai angurya, watau wadda ba a riga an gurza ba. Har wa yau an ƙara iyakar kuɗin da mutum guda zai iya karɓa a shekara daga dala 125,000 zuwa dala 155,000.

Mai karatu da ke zaune a Agege, ko Mile 12, ko Sabon Ibadan, yana iya cewa ina ruwan biri da gada? To, da ruwansa. Jama'a da yawa daga cikin mazauna waɗannan unguwanni 'ya'ya ne da jikokin manoman auduga na ƙasar Funtuwa da Malumfashi da Gusau da Gwambe, inda a dā da kuɗin auduga ake biyan haraji, a yi aure, a sayi keke. Farashin auduga kuwa ba a Funtuwa ake yanka shi ba, a kasuwar duniya ne, kuma abin da manyan gwamnatoci ke biyan manomansu yana taɓa wannan farashi. Saboda haka ya kamata mu duba yadda ake biyan wannan tallafi, da wanda yake shiga hannunsa, da kuma wanda ke ɗaukar nauyinsa.

ƘASAR AUDUGA A TEKSAS

Jihar Teksas ita ce kan gaba wajen noman auduga a Amurka, kuma cibiyar noman tana yammacin jihar, a wani shimfiɗaɗɗen fili da ya kewaye birnin Lubbock. Ƙasa ce mai iska da ƙura, ruwan saman da take samu a shekara ma bai kai na Katsina ba. Wasu gonakin da ruwan sama kaɗai suka dogara, wasu kuma ana yi musu ban ruwa daga wani babban tafki na ƙarƙashin ƙasa da ake kira Ogallala, wanda shekara da shekaru ana jan ruwansa fiye da yadda yake komawa, har ya yi ƙasa ainun a wurare da dama.

Manomin wannan yanki ba da fartanya yake aiki ba. Mutum guda da iyalinsa da 'yan ma'aikata kaɗan suna iya riƙe gona mai eka dubu biyu ko fiye, kuma injin tsinkar auduga guda ɗaya, sabo, kuɗinsa yakan kusa dala miliyan ɗaya. Galibi da bashin banki ake shuka. Idan damina ta ƙi, hasarar ba ƙarama ba ce. A shekarar 1922 ba a san wannan irin noma ba, amma shekara ɗari bayan haka, watau a 2022, fari ya sa manoman Teksas suka bar kusan kashi uku bisa huɗu na gonakin audugar da suka shuka ba su tsinci kome ba. Farashi ma ba ya tsayawa wuri ɗaya: a watan Mayu na 2022 labar gurzajjiyar auduga ta haura dala ɗaya da rabi a kasuwar New York, amma kafin ƙarshen 2024 ta faɗo ƙasa da senti 70. Wannan ita ce hujjar da manoman ke kai wa wakilansu a Majalisa, kuma ba ƙarya suke yi ba in sun ce noman auduga caca ne.

YADDA AKE BIYA

Hanyoyin tallafin suna da yawa, amma manyansu uku ne. Ta farko ita ce cike giɓin farashi. Gwamnati ta tsai da farashin lamuni, watau senti 42 ɗin nan. Idan aka haɗa lissafin shekara aka ga farashin kasuwa bai kai haka ba, sai Ma'aikatar Aikin Gona ta biya bambancin. Amma abin lura shi ne ba a auna audugar da mutum ya noma a wannan shekara. Abin da ake dubawa shi ne yawan ekar da aka rubuta wa gonar a littafin Gwamnati bisa ga noman da aka yi a shekarun baya, da yawan amfanin da aka ƙiyasta mata, sa'an nan a biya a kan kashi 85 cikin ɗari na ekar. Ko mai gona ya shuka dawa a bana, ko bai shuka auduga ko ƙwaya ɗaya ba, kuɗinsa na auduga yana nan.

Bari mu yi misali don a gane. A ce farashin kasuwa ya tsaya a senti 34, giɓin ya zama senti 8 ke nan. A ce kuma an ƙiyasta wa kowace eka laba 2,000. Mai eka 1,000 a littafi za a biya shi a kan eka 850, ya tashi da dala 136,000. Maƙwabcinsa mai eka 50 kuwa dala 6,800 zai samu. Doka ɗaya ce, farashi ɗaya, amma wanda ya fi ƙasa shi ya fi samu.

Iyakar da aka sa ta dala 155,000 ma tana da ƙofa. A kan kowane mutum aka sa ta, saboda haka idan gona ta haɗin gwiwa ce, kowane abokin tarayya da aka rubuta cewa yana da hannu a gudanar da ita yana da nasa kason. Dokar aikin gona ta 2018 ta ƙara buɗe ƙofar, ta shigar da 'ya'yan 'yan'uwa da 'ya'yan baffanni da na kawunnai cikin iyalin da za a iya lissafawa. Ta haka gona guda take iya karɓar ninkin-ba-ninkin iyakar.

Hanya ta biyu ita ce bashin kaka. Manomi yana iya jinginar da audugarsa ga Gwamnati ya karɓi rance a kan wani tsayayyen farashi, in farashin duniya ya faɗi ƙasa da wannan sai ya biya bashin a kan farashin da ya faɗi, ragowar ta zama tasa. Hanya ta uku ita ce inshorar amfanin gona, wadda Gwamnati ke biyan kimanin kashi 60 cikin ɗari na kuɗin shigarta, kuma wannan ba ta da iyakar abin da mutum guda zai amfana. Ita ce ta riƙe manoman Teksas a farin 2022. Bayan waɗannan akwai agajin gaggawa da akan bayar lokaci lokaci, kamar wanda aka raba a 2018 da 2019 sa'ad da rikicin ciniki tsakanin Amurka da ƙasar Sin ya karya farashi.

Wata ƙungiya mai zaman kanta a birnin Washinton, mai suna Environmental Working Group, ta daɗe tana tattara sunayen masu karɓar tallafin noma daga takardun Gwamnati tana bayyanawa. Lissafinta ya nuna cewa tun daga 1995, kashi 10 cikin ɗari na masu karɓa su ne suka kwashe fiye da kashi uku bisa huɗu na kuɗin tallafin amfanin gona. A fannin auduga kuwa gundumomin da ke kewaye da Lubbock, irin su Gaines da Dawson da Hale, suna sahun gaba.

ASALIN ABIN

Wannan tsari ba jiya aka fara shi ba. A farkon shekarun 1930 tattalin arzikin duniya ya durƙushe, labar auduga ta faɗo zuwa wajen senti 6. Da Shugaba Franklin Roosevelt ya hau mulki a 1933 sai aka kafa dokar da ta ba Gwamnati ikon biyan manoma don su rage noma, ko farashi ya tashi. A wannan shekara kaɗai an kife audugar da ta riga ta tsiro a gonaki masu eka wajen miliyan 10.

Amma a jihohin kudancin Amurka a lokacin, mafi yawan masu duƙawa a gonar auduga ba su ne masu ƙasar ba. Masu noma-mu-raba ne da 'yan haya, baƙaƙe jikokin bayi da kuma talakawan Turawa. Takardar kuɗin Gwamnati kuwa hannun mai ƙasa take shiga. Doka ta ce ya ba manomansa rabonsu, amma masu ƙasa da yawa suka ga ai ya fi musu riba su sallami mutanen, su riƙe kuɗin duka, su sayi tarakta. Wannan zalunci ne ya sa talakawan suka kafa ƙungiyar manoma 'yan haya a Jihar Arkansas a 1934, baƙi da fari tare. Daga baya injin tsinka ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Iyalai masu ɗimbin yawa suka ɗaure kayansu suka nufi Shikago da Detroit da New York neman aikin ƙwadago, cikin babbar ƙaurar da ta kwashe baƙaƙen Amurka wajen miliyan 6 daga kudu tsakanin 1910 da 1970.

Wanda ya baro gonar ubansa ya zo Ikko cin rani, cin ranin ya zama zama, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan labari. Darasin da ke ciki shi ne tun ranar farko an ɗaura tallafin a kan mallakar ƙasa, kuma har yau a nan yake ɗaure.

KUKAN AFIRKA DA ƘARAR BURAZIL

Da Amurka a gida take amfani da audugarta, da abin bai dami kowa ba. Amma masaƙunta sun ragu ƙwarai, don haka mafi yawan abin da take nomawa waje take kai shi. Idan Gwamnati ta tsare manomi daga faɗuwar farashi, to ba zai rage shuka ba ko da kasuwa ta cika, kuma rarar da ya zuba ita ke ƙara danne farashin ga kowa.

Wannan ya fito fili a kakar 2001 zuwa 2002, sa'ad da farashin duniya ya faɗi warwas. Ƙungiyar agaji ta Oxfam ta fitar da rahoto a 2002 inda ta ce a wannan kaka Amurka ta kashe dala miliyan 3,900 a kan manoman auduga kimanin 25,000, kuɗin da ya fi dukan abin da ƙasar Burkina Faso ke samarwa a shekara. A ɗaya gefen kuwa mutum fiye da miliyan 10 ne a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suka dogara da auduga, suna nomanta da garmar shanu, suna tsinka da hannu, kuma kuɗin da suke kashewa a kan kowace laba bai kai na Amurka ba.

A 2003 ƙasashe huɗu, watau Benin da Burkina Faso da Mali da Cadi, suka haɗa kai suka kai kuka gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Shugaba Blaise Compaoré na Burkina Faso ya je Janeba da kansa ya yi jawabi, sa'an nan shi da Shugaba Amadou Toumani Touré na Mali suka rubuta wata maƙala a jaridar New York Times. Maganar auduga tana cikin abubuwan da suka watsa taron ministocin ƙungiyar a Kankun ta ƙasar Meksiko a watan Satumba na wannan shekara. A taron Hong Kong na 2005 aka yi musu alkawarin gaggauta maganar. A taron Nairobi na 2015 aka amince a daina tallafin fitar da auduga waje. Amma babban abin, watau kuɗin da ake biyan manoma a cikin gida, har taron Abu Dhabi na 2024 ba a cim ma matsaya a kansa ba.

Burazil ita ba roƙo ta yi ba, ƙara ta kai. Ta shigar da ƙarar a 2002, ta gabatar da lissafin cewa ba don tallafin Amurka ba da farashin duniya ya ɗara da kimanin kashi 12 cikin ɗari. Ta yi nasara a 2004, aka ɗaukaka ƙara, ta sake yin nasara a 2005. Da Amurka ta yi ta jan ƙafa, sai a 2009 aka ba Burazil izinin ramuwa, ta kuwa shirya ɗora haraji da wasu matakai na sama da dala miliyan 800, har da barazanar taɓa haƙƙin mallakar magunguna da finafinan kamfanonin Amurka. Nan take aka zauna sulhu. Daga 2010 Amurka ta riƙa biyan dala miliyan 147.3 kowace shekara ga wata cibiyar manoman audugar Burazil, a 2014 kuma ta biya dala miliyan 300 aka rufe maganar.

A duba wannan da kyau. Maimakon a daina biyan manoman Teksas, sai aka ƙara da biyan na Burazil. Ƙasashen Afirka huɗu da suka fi kowa jin jiki ba sa cikin wannan sulhu, domin kuwa ba su da wata babbar kasuwa da za su yi wa Amurka barazanar rufewa. Gaskiya ne dokar aikin gona ta 2014 ta cire auduga daga tsarin cike giɓin farashi, amma a 2018 Majalisa ta mayar da ita ta wata ƙofa, da sunan auduga mai angurya. Wannan farashi ne aka ɗaga a 2025.

BA AMURKA KAƊAI BA

Adalci ya sa a faɗi cewa duniyar auduga ta canza tun 2003. Yanzu ƙasar Sin ce ta fi kowa kashe kuɗi a kan manoman audugarta, musamman a lardin Shinjiyan inda Gwamnati ke lamunce musu farashi. Indiya tana da mafi ƙarancin farashi da hukumar Gwamnati ke saye a kansa in kasuwa ta faɗi. Tarayyar Turai tana biyan manoman Girka da Sifen. Burazil kuwa a kakar 2023 zuwa 2024 ta wuce Amurka ta zama ta ɗaya wajen sayar da auduga a ƙasashen waje. Daɗin daɗawa, zaren roba da ake yi daga man fetur ya riga ya kwashe fiye da rabin kasuwar zare ta duniya. Ke nan ko da Amurka ta daina biya gobe, manomin Afirka bai huta ba tukuna.

NAMU GEFEN

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ya karya audugar Nijeriya galibinsa a gida yake. Tun zamanin Turawa, daga 1949, hukumar ciniki ce ke da ikon sayen auduga. Manomi ya kai kayansa fuloti, a tantance lamba ɗaya ko lamba biyu, a auna, a biya shi farashin da hukuma ta yanka, wanda sau da yawa yana ƙasa da na duniya, rarar kuma ta shiga baitulmali. Watau yayin da Gwamnatin Amurka ke ƙara wa manominta a kan farashin kasuwa, tamu ragewa take yi. Sai dai duk da haka tsarin yana da amfaninsa: ana raba iri mai kyau, akwai malaman gona, kuma manomi ya san farashi da wurin sayarwa tun kafin ya tsinka.

A 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da Hukumar Auduga mai hedkwata a Funtuwa. Shawarar da Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya ke ba ƙasashe irin namu a lokacin ita ce Gwamnati ta cire hannu ta bar kasuwa ta yi halinta. Abin mamaki, a wannan shekara ta 1986 ne Amurka ta fara aiki da tsarin nan na biyan bashin kaka a kan farashin da ya faɗi. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Da hukuma ta tafi ba a kafa wani abu a gurbinta ba. Iri ya cakuɗe, tantancewa ta lalace, manoma da yawa suka koma masara da waken soya. Masaƙun da ke sayen audugar, waɗanda suka fara da ta Kaduna a 1957 har suka haura 100 a shekarun 1980, da na Kano da na Ikeja da Ikorodu, rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri suka rufe mafi yawansu. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya hana ba masu shigo da yadi kuɗin waje, ya kuma raba iri da rance ga manoman auduga, amma masaƙun ba su dawo yadda suke ba, ga shi kuma 'yan bindiga sun hana noma a sassan Zamfara da Katsina, inda nan ne zuciyar ƙasar auduga.

Maƙwabciyarmu Benin, wadda daga Ikko tafiyar 'yan sa'o'i ce ta Seme, tana fama da farashin duniya ɗaya da namu, amma ba ta saki tsarinta ba. Ana yanka farashi kafin shuka, ana ba da iri da taki bashi a cire a kaka. A kakar 2021 ta tsinci auduga fiye da tan 700,000, yawancinta daga arewacin ƙasar, wajen Banikoara da Kandi, ta kuma kafa masaƙu a sabuwar unguwar masana'antu ta Glo-Djigbé don ta rage sayar da ɗanyen kaya.

ABIN LURA

Mafi yawan ƙasashe masu noman auduga sosai ba su bar manomansu su kaɗai da kasuwar duniya ba, kuma ba a ga alamar manyan ƙasashe za su daina biya ba. Saboda haka jiran ranar da Amurka za ta janye tallafinta ɓata lokaci ne. Amma labarin Teksas da Arkansas ya nuna cewa ba da tallafi kawai bai isa ba, domin idan aka ɗaura shi a kan yawan eka ko sunan da ke cikin littafi, to mai ƙarfi ne zai kwashe, ƙaramin manomi kuma ya ci gaba da barin gida.

Duk ranar da aka sake shelar wani shirin farfaɗo da auduga a Nijeriya, ya kamata ƙungiyoyin 'yan Arewa mazauna Kudu, da sarakunan Hausawa na unguwanninmu, da duk mai aika kuɗin taki gida, su yi tambaya a fili. Wa ya rubuta sunayen manoman, kuma za a liƙa su a ofishin ƙaramar hukuma kowa ya gani? Akwai iyakar abin da mutum guda zai karɓa? Iri da taki za su iso kafin shuka a watan Yuni, ko sai damina ta yi nisa? Wa zai sayi audugar a kaka, kuma a kan nawa? Amurkawa, duk da aibin tsarinsu, suna iya sanin wanda ya karɓi kuɗin da nawa ya karɓa. Mu ma muna da haƙƙin sanin haka, kuma sai mun nema za a ba mu.